Sitiyarin Mutum Biyu

Magariba ta kawo jiki, masu shan iska sun watse. Auta ya ɗaure kwalekwalen haya, ya ɗauki tocila zai zaga madatsar ruwan. Tsohuwar madatsa ce ta ƙasa, ciyawa ta rufe mata baya. Aikin Yayansa ne. Tun da ruwan ya ci Yaya a daminar bara, ko gawa ba a samu ba, aikin ya dawo kan Auta, har da takalman roba da suka yi masa yawa.

Yaya ba ya koyarwa sai da ranƙwashi. Kan Kwakwa yake kiransa. Ya sha faɗa masa madatsar ƙasa ba ta rasa gumi: in ruwan da ke tsattsafowa ta bayanta garau yake, a kwana lafiya, in ya yi ja, cikinta yake ci.

Auta ya tara tafin hannu a gindin bangon, ya haska.

Ja. Har da yashi.

Can gangare fitilun gidaje sun fara kamawa, cikinsu har da tagar Inna.

Dole a rage ruwa. Ya bi gadar katako zuwa sitiyarin da ke buɗe ƙofar ruwa, wanda tsatsa ta sa ba ya juyuwa sai da mutum biyu. Ya kira mai gadi, wayar ba ta shiga ba. Ya danna ƙarfen da ƙirji har idonsa ya ga taurari. Ko gezau.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

Warin gansakuka ya taso, da wani ƙamshi a ƙarƙashinsa. Sabulun Yaya.

Sitiyarin ya yi ƙara, ya motsa. Wani na tura ɗaya ɓarin. Auta bai ɗaga kai ba. Yana jin numfashi, yana jin ruwa na ɗiga a kan katako. Suka juya tare, yadda suka saba. Ruwa ya fara ruri a ƙasa.

Sai rurin ya shaƙe.

Daga ƙarƙashin gadar, cikin ruwa, aka yi raɗa.

"Ƙanena. Reshe ya toshe rariyar ƙofar. Sauko ka kama mini, sanyi nake ji."

Muryar Yaya ce, ba ta rage komai ba. Auta bai iya ruwa ba, Yaya bai taɓa barinsa ya wuce gwiwa ba. Amma hawaye sun riga sun rufe masa ido. Ya cire takalman. Ya zura ƙafa a tsani.

Ruwan da ɗumi.

Wani abu mai santsi ya naɗe masa idon sawu, a hankali, kamar lallashi.

Abin ya fara ja.

Ƙwas! Ranƙwashi a tsakar ka, daga sama.

"Kan Kwakwa," aka ce a kunnensa, ƙasa-ƙasa. "Uban wa ya aike ka ruwa?"

Aka finciko shi ta wuyan riga. Abin ya riƙe, ya riƙe, ya saki. Bayansa ya daki katako. Sitiyarin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, rurin ya dawo.

Auta ya zura da gudu, ba takalmi.

Kafin safiya ruwan ya ja baya. Masu gyara suka zo suka danƙare inda ruwan ya ci bangon da yumɓu, suka zuba wa sitiyarin mai, aka ƙara wa Auta abokin aiki. A rariyar ko tsinke ba a samu ba. Takalman kuwa an tsince su a kan gadar, an jera su tsaf.

Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, aljanun ruwa ne masu aron murya. Auta bai musa ba.

Inna ce ta zaunar da shi, ta laluba ƙullutun da ke kansa. Ta daɗe hannunta na wurin.

"Nan dai," ta ce. "Kullum nan yake samunka."