Gawar da Aka Goge wa Lamba

Da hantsin Asabar aka bugo waya ofis. Masu sharar titi ne suka tsinci gawa a wani kwazazzabo, ƙasan wata muguwar kwana da ke bayan garin Riyad.

Sufeto Ghali aka tura. Haifaffen unguwar Jaradiya ne, kakanninsa a ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Gobir, ba su koma ba. Shi ya sa duk gawar baƙar fata da ta rasa mai ita, a teburinsa take ƙarewa. Abin yana ba shi haushi, amma bai taɓa ƙin zuwa ba.

Mamacin ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Gajeren wando ne a jikinsa da matsattsiyar riga ta 'yan wasa. Babu waya, babu iƙama, wato katin izinin zama, babu ko takarda. Likitan 'yan sanda ya ɗago hannun gawar.

"Dubi dantsensa. An dirje shi da wani abu har fata ta saɓule, amma da sauran baƙin tawada. Faɗowa ya yi daga sama, ƙugu ya karye, jini ya zuba ta ciki."

"Nan take ya mutu?"

"Ina! Ya faɗo jiya da safe, ya kai la'asar da ransa. Da an kai shi asibiti da yanzu yana shan shayi. Fuskar ma duk duwatsu sun karce ta."

Ghali ya durƙusa, ya share ƙasar da ke kuncin. Layuka ne siri-siri, daga gefen baki zuwa kunne, tsofaffi, sun warke tun ana goye da shi. Irin su ne a fuskar kakarsa Gogo.

"Wannan ba aikin dutse ba ne, likita. Aikin wanzami ne. Bagobiri ne."

Ya san makomar gawar da ba a gano mai ita ba. Za ta yi kwanaki a firij, sannan a binne ta da lambar fayil, wata tsohuwa kuma a wani ƙauye ta yi ta jiran waya har ta mutu. Ya rantse a ransa wannan ba za ta tafi haka ba.

A bakin titin ya ga ragowar jan kirtani da robobin ruwa. Masu shara suka ce jiya Juma'a an yi gasa a nan, irin mai zango uku: a yi iyo, a hau keke, a ƙarasa da gudu.

Wata ƙaramar ƙungiyar motsa jiki ce ta shirya ta. Shugabanta, Kyaftin Amir, ya tarbi Ghali da murmushin mutumin da ba ya son magana ta yi tsawo.

"Mutum sittin da biyu suka shiga, sittin da biyu suka fito. Ba mu rasa kowa ba."

"Yaya kuke gane su?"

"Da iƙama ake rajista. Da safe mu rubuta wa kowa lambarsa a dantse da tawada, mu ɗaura masa agogon ƙafa mai ƙirga lokaci."

"Kuna duba fuska da hoton iƙamar?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

Ghali ya zuba masa ido. Amir ya sosa gemu.

"To, da asuba ne, ga hular iyo, ga tabarau. Ba kowa ake dubawa ba."

Ghali ya karɓi takardar sakamako, ya bi ta da yatsa har ƙasa. Lamba arba'in da bakwai, Idrisu Mukhtari, ɗan Najeriya, direban kai saƙo. A iyo shi ne na biyu. A keke ya yi kusan awa biyu a tafiyar da tsofaffi suka yi a minti hamsin. A gudu shi ne na ƙarshe.

"Wannan fa?"

"Ya ce faɗuwa ya yi. Da tayar gaba a lanƙwashe ya iso. Har tafi muka yi masa."

A unguwar Gubaira Idrisu yake, a wani ɗaki saman garejin masu walda. Dogo ne, fuskarsa sumul, ko ɗigon tsaga babu. Da ya ji ɗan sandan Saudiyya ya yi masa sallama da Hausa, sai da kofin shayi ya kusa suɓuce masa.

"Kai ka yi gasar jiya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ga ma medal ɗina." Ya nuna wani ƙarfe mai shuɗin zare rataye a ƙusa.

"Barka. Mutumin ina ne?"

"Kano, cikin gari."

Ghali ya waiga. Keke a jingine, tayar gaba a karkace. Katifa biyu. A gefen ta biyun akwai doguwar sanda mai raga a baki da jarkar maganin ruwa, irin kayan masu wanke wurin iyo a gidajen masu hali.

"Katifar wa ce?"

"Ta wani ce. Ya tashi tun watan jiya."

"Ya tashi ya bar kayan sana'arsa? Nuna mini dantsenka."

Idrisu ya naɗe hannun riga. Fata wankakkiya, babu alamar tawada.

"Na yi wanka, yallaɓai."

"Na gani. Ka faɗi da keke har taya ta lanƙwashe, amma ko gwiwa ba ka kurje ba. Allah ya tsare ka ƙwarai. Taso mu je."

Idrisu ya zaci ofis za su. Sai ga su a bakin wurin iyon ƙungiyar, Amir yana tsaye da makulli. Ruwan shuɗi, shiru, ana hango ƙasansa can nesa.

"Jiya ka ratsa wannan sau goma sha shida, ka zo na biyu," in ji Ghali. "Yau sau ɗaya nake so. Daga nan zuwa can, sai in mayar da kai gida da kaina."

Idrisu ya tuɓe riga a hankali. Ya matsa baki, ya leƙa. Ghali bai ji tausayinsa ba ko kaɗan.

"Zurfin nan wajen mita biyu ne. Bismillah."

Sai mutumin ya zube a kan tayil, ya rufe fuska.

"Ban iya ba. Wallahi ko kududdufi ban taɓa shiga ba."

"Faɗa mini sunan wanda ya yi iyon."

"Saidou. Saidou ɗan Tibiri, ta wajen Maradi."

Daga nan magana ta ɓalle masa. Shekara uku suna ɗaki ɗaya. Saidou wankin wuraren iyo yake yi, a nan ya koya wa kansa ruwa in masu gida sun fita. Keken ma a kasuwar Batha ya saye shi ruɓaɓɓe, ya gyara da hannunsa. Shekara guda yana tashi kafin asuba yana gudu, 'yan unguwa suna yi masa dariya. Ana saura wata biyu gasa iƙamarsa ta mutu, kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ƙi sabuntawa.

"Ya yi ta roƙona, 'Yaya, ara mini sunanka na safiya ɗaya.' Na ba shi. Na je na tsaya a kwanar nan da ruwa, in miƙa masa. A gabana taya ta zame, ya tafi ƙasa. Babu wanda ya gani sai ni."

"Ka sauka?"

"Na sauka. Yana numfashi, yana magana."

"Da waya a aljihunka."

"Na ciro ta, yallaɓai, na rantse na ciro ta. Sai na tuna in motar asibiti ta zo, sunana za a gani a jikin wani. Tarhil ke nan, a kore ni, ga 'ya'ya huɗu a gida. In kuma lambar ba ta iso ba, za a fito nemanta. Sai na kwance agogon na ɗaura, na cire hular kwanon da takardar lamba, na ɗauki keken na ƙarasa. Na ce in na gama zan dawo."

"Ka dawo?"

Idrisu ya girgiza kai, ya fashe da kuka.

Ghali ya daɗe a aikin nan, ya ga masu kisa da wuƙa, amma bai taɓa jin ƙyamar wani kamar ta wannan mai kuka ba. Tambaya ɗaya ta rage masa, wadda ba ta da gurbi a fayil.

"Lokacin da kake dirje masa dantse, bai ce komai ba?"

Idrisu ya ɗago jajayen idanu.

"Ya ɗauka jini nake goge masa. Ya ce, 'Na gode, Yaya.'"

Amir ya juya baya. Ghali ya sa wa Idrisu ankwa, ya miƙa shi ga 'yan sandan da ke jira a ƙofa, suka tasa shi gaba babu riga.

Da yamma ya koma ɗakin Gubaira. A ƙarƙashin katifa ta biyu ya sami wayar Saidou, da kira tara da ba a ɗauka ba, duk daga lamba ɗaya mai suna Inna Delou. Ya sauke medal ɗin daga ƙusa ya sa a ambulan, ya rubuta sunan mai shi a baya da manyan haruffa.

Yana cikin rubutun wayar ta sake ruri. Ya zauna a bakin katifar, ya ɗauka.

"Saidou?" in ji muryar tsohuwa. "Ka ci gasar?"

"Salamu alaikum, Inna," in ji Ghali. "Akwai wani babba kusa da ke?"