Hawa na Arba'in da Biyu

Na'urar Daidaitau ta sake haɗiye baiti guda. Fitilarta ta yi kore, ta ce da muryar nan tata mai sanyi kamar ta ma'aikaciyar asibiti, "An gyara."

Hajiya Lantana ta buga sandarta a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya tana shirya Ƙaura, wasan waƙe na kiɗan rok da jita mai lantarki, labarin ƙauyukan da ambaliya ta cinye har mutanensu suka tare a benayen Birnin Tudu. Bana hukumar al'adu ta ce ƙasa ta zama ɗaya, wasan ma ya bi zamani, aka kawo mata wannan na'ura.

Aikin Daidaitau ba wuya. Kujerun zauren wasan suna auna bugun zuciyar 'yan kallo. Duk kalmar da ta sosa ran wani, sai na'urar ta musanya ta tun kafin ta fito daga lasifika. Ta cire sojan da ya tare gada, ta cire yunwa. Lantana ta haƙura, ranta na ƙuna. Abu ɗaya ta ƙi: waƙar ƙarshe, inda mawaƙi ke tambaya "Daga ina kuke?" kowa ya miƙe ya kira sunan ƙauyensu. Ban da zauren nan, babu inda ake ambaton Tungar Maje, garin da kabarin mahaifiyarta ke kwance a ƙarƙashin ruwa.

"Sallau, kada ka taɓa min wannan," ta ce wa injiniyan hukumar.

"Haba Hajiya, ni wa? Lissafi ne ya nuna sunayen nan suna raba kan jama'a."

"Lissafin banza! Kai ba daga wani wuri kake ba?"

Ya sosa ƙeya. "A hawa na tara na benenmu aka haife ni."

Don takaici ta ja sandarta ta bar masa wurin.

Ranar wasa da la'asar zauren ya cika maƙil. Jita ta yi kuka, ganguna suka ɗauka, mawaƙin ya ware murya: "Daga ina kuke?" Matasa suka shiga kallon juna. Lantana ta miƙe da ƙyar, ta jawo makirufon kujerarta, ta ƙwala da duk ƙarfinta, "Tungar Maje!"

Fitilar ta yi kore. Lasifika ta cika zauren da muryarta, tata sak, har da rawar tsufan: "Hawa na arba'in da biyu!"

Sai zauren ya ɓarke. Kowa na kiran hawan benen da yake zaune, ana tafi, ana tsalle. Sallau har da share hawaye, wai bai taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba.

Matar da ke kusa da ita ta riƙo hannunta, fuska cike da murna.

"Ikon Allah! Hajiya, ashe garinmu ɗaya."