Ramin da Magina Suka Bari

Ana gab da magariba Julius ya hau saman benen da jakar kayan aikinsa, yana tsaki. Esi ɗaya ce, cikin na'urorin sanyaya ɗaki, ta ƙi jin magana. Ko an ɗauke wuta sai a ga fankarta tana juyawa, kuma Oga Ogbonna, ɗan kwangilar da ya ba su aikin, ya matsa a duba ta kafin ɗalibai su tare.

Ginin sabon masaukin ɗalibai ne a Samaru, mai hawa huɗu, an jera kawunan esi a samansa kamar tukwanen biki. Da farko an so a ja wa kowace na'ura wayarta tun daga ƙasa. Da Ogbonna ya ji farashin waya a Sabon Gari sai ya kama kai. Julius ne ya kawo dabara: a hau da waya ɗaya mai kauri, a kafa akwatin raba wuta a sama, kowace esi ta ɗauki nata da guntuwar waya. Ana haka suka tarar da wani rami a kusurwar gabas, faɗinsa bai wuce bakin bokiti ba, ya miƙe tun daga tushen gini har sama, ba komai a ciki. Banza ta faɗi. Suka zura wayar ta nan.

Baba Akinola, tsohon maginin da ya ɗora ginin, ya gani ya girgiza kai.

"Tsamiya ce a wurin nan. Da muka sare ta, mun bar wa masu ita hanyar wucewa. Ba a tare musu."

"Baba, ai gata muka yi musu," in ji Ogbonna yana dariya. "Su ma su sha sanyi kyauta."

Saboda tsimi, ko makunni ba a sa a sama ba, yana can ƙasa a ɗakin wuta. Sai Julius da abokin aikinsa Henry suka saba da wata hanya: na sama ya kara baki a ramin ya ce a kashe, na ƙasa ya kashe ya amsa. Ramin kuwa yana kai murya fiye da wayar hannu.

A ranar nan Julius ya aiki Henry Sabon Gari sayo fis na akwatin wuta. Yana isa sama ya ji ƙofar ɗakin wuta ta bugu a ƙasa. Ya durƙusa a bakin ramin.

"Henry! Ka dawo?"

"Na dawo."

"To kashe min."

Ya ji ƙas. Na'urorin da aka bari a kunne don gwaji suka yi ta mutuwa, har wurin ya yi tsit.

"Na kashe," in ji muryar.

Kiran salla ya taso daga wajen kasuwa. Jemagu suna wucewa. Julius ya kwance murfin akwatin, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta lashi idon sawunsa, tana ɗauke da warin jiƙaƙƙiyar tsamiya. Tsigar jikinsa ta tashi, amma ya danne. Ya miƙa hannu.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

Henry ne.

"Julius, yi haƙuri, cunkoso ya riƙe kekenmu a Kwangila. Kada ka taɓa komai fa. Makullin ɗakin wuta yana aljihuna."

Julius ya janye hannunsa. Ya zaro testa ta gwada wuta, ya ɗora a kan jan ƙarfen.

Ta kawo ja. Akwai wuta a ciki.

"Na ce maka na kashe." Muryar Henry ce, a hankali, kuma yanzu ba daga ƙasa take zuwa ba. "Sa hannunka."

Wayar nan mai kauri ta motsa a cikin ramin. Ta sake motsawa, irin na igiyar rijiya idan ana hawowa da ita.

Fankar da ke kusa ta fara juyawa da baya. Ta kusa da ita ta ɗauka.

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa. Bai ga komai ba. Ana jan hannun zuwa akwatin.

"Yesu!"

Ya cilla jikinsa baya da iya ƙarfinsa. Testar ta suɓuce ta faɗa ciki. Tartsatsi ya tashi, shuɗi fat, da ƙaurin roba. Riƙon ya saku.

Bai san yadda ya sauko matakala ba. Henry ya tarar da shi zaune a bakin titi babu takalmi ɗaya, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ƙofar ɗakin wuta tana nan da kwaɗonta, makunnin kuma a kunne.

Ogbonna bai ƙara dariya ba. Ya sayo doguwar waya, aka bi da ita ta bayan bango, aka bar ramin fayau. Amma sai da aka sake hawa don a ƙulla ta, kuma Julius ya ce shi ya fara, shi zai gama.

Da rana tsaka suka yi aikin. Henry ya kashe wuta, ya tsaya a ɗakin yana gadin makunnin. Can sai ya ji muryar Julius ta ramin, tas, har da 'yar dariyarsa.

"Henry, na gama. Kunna!"

Hannunsa ya riga ya kai kan makunnin, saboda sabo. Sai ya ji warin tsamiya. Ya janye hannun, ya datse ƙofar da kwaɗo, ya hau da gudu.

Ya tarar da Julius a durƙushe, hannayensa biyu tsundum a cikin akwatin, sukundireba a tsakanin haƙoransa.