Minti Huɗun da Suka Ƙaru a Bidiyon Zara

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Maganar 'yata Zara ce.

Makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido bakin dam a Kazaure. Ta dawo lafiya, amma ta dawo shiru, yarinyar da surutunta ke hana ni jin rediyo. Abinci sai ta tsakura. In na shiga ɗakinta sai in ji ƙarnin laka, alhali rani ake, ko rijiyarmu ta ja baya.

Malamarsu ta ɗora bidiyon tafiyar a shafin makaranta, ta turo wa iyaye adireshin. Duk iyaye sun kalla. Ni kuwa in na danna, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Hankalina ya ƙi kwanciya, ina so in ga ko wani abu ya same ta a can.

Ran Laraba bayan la'asar na hau babur ɗin Daudu, ɗan acaɓan unguwarmu, daga Roni zuwa shagon Levi mai gyaran waya a Kazaure.

"Mama, wayarki lafiya lau," in ji Levi. "Burauza ce, wato abin da kike shiga intanet da shi. Ta cika da tarkace."

Ya goge tarkacen, ya sabunta ta. Zoben ya ci gaba da juyawa. Ya sauke wata daban. Wannan ta kawo murya babu hoto: dariyar 'yan mata da motsin ruwa.

"Yakan faru," in ji shi yana dariya. "Wata ba ta gane irin wannan bidiyon. Ko burauza tana da nata taurin kan, kamar kwastomomina."

Ya sa ta uku, ya kashe abin rage cin data. Hoto ya fito. Ga su nan cikin fararen hijabai. Ga Zara can baya, ta ware ita kaɗai, tana tafiya wajen ruwa. Nan bidiyon ya ƙame.

Levi ya daina dariya. Ya kawo wayar kusa da idonsa.

"A waccan burauzar bidiyon minti uku ne. A nan bakwai ya rubuta."

"Me ke nan?"

"Ban sani ba, Mama. Adireshi ɗaya ne." Ya miƙo mini wayar da sauri. "Wataƙila sabis ne. Bar shi a buɗe, zai gama sauka a hanya."

Na jefa ta a jaka haka nan.

Mun bar gari ana kiran magariba. Mun kai wani kwari inda babu gida ko ɗaya, sai gonaki da karan dawa, babur ya mutu. Daudu ya buga, ya ƙi. Ya sake bugawa.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai na ji motsin ruwa a cikin jakata.

Na zaro wayar. Bidiyon yana tafiya shi kaɗai. Babu sauran 'yan matan, babu malama. Zara ce cikin ruwa iya gwiwa. Iya ƙugu. Iya wuya. Tana waige-waige kamar mai neman wani.

Ta nutse.

Ruwan ya kwanta. Sannan wata ta fito daga inda ta shiga. Hijabi iri ɗaya, fuska iri ɗaya. Amma jikinta a bushe yake. Ta tako har gaban kyamara ta tsaya, ba ta ƙifta ido.

Daga bayanta, daga ƙarƙashin ruwan, murya ta fito a hankali.

"Umma, sanyi nake ji."

Muryar 'yata ce. Ni na haife ta.

Ƙarnin laka ya cika wurin. Na ji ƙafata ta jiƙe. Na duba ƙasa, ruwa ne yake tsattsafowa daga busasshiyar hanya.

"Inna," Daudu ya ce da raɗa, "kashe abin nan."

Na danna, ta ƙi. Wani abu mai sanyi ya kama bakin zanena yana ja ƙasa.

Bakina ya manta komai sai innalillahi. Ita na yi ta maimaitawa.

Babur ya tashi. Daudu ya fizge shi, zanena ya yage har gwiwa. Ba mu waiga ba sai da muka ga fitilun Roni.

A zaure na tarar da Zara a tsaye, cikin duhu.

"Sannu da zuwa, Umma. Ya buɗe?"

Ban gaya wa kowa inda na je ba.

Tun daga ranar Daudu ba ya bi ta layinmu. Na kira malamar, ta rantse minti uku ta ɗauka, kuma ta ƙirga ɗalibanta sun cika a mota. Levi ya ƙi taɓa wayar, daga nesa ya ce in goge burauzar gaba ɗaya. Mahaifin Zara ya gwada a wayarsa, minti uku ya gani, ya ce tunani ne ya yi mini yawa.

Ita kuwa tana shara, tana wanke-wanke, tana gaishe ni da ladabi. Tun da ta dawo ban ga ta sha ruwa ba.

Shafin yana nan a wayata, ya tsaya a minti shida. Saura ɗaya ban gani ba. Tsoron buɗewa nake, don ban san abin da zai biyo ni ba. Tsoron gogewa nake, don a nan kaɗai nake jin muryar 'yata. In na kira malam ya yi wa ta cikin gida ruƙiyya ta tafi, wa ya tabbatar mini tawa za ta dawo?

Don Allah, iyaye 'yan'uwana, ku da kuka fi ni sani: in goge, ko in kalli sauran minti ɗayan?