Ƙofar da Midhat Ya Murɗa

Midhat ya baro zaman makokin Kwamanda Ra'afat, wanda ya koya masa aikin jirgin ƙarƙashin teku, bayan ya yi jawabin yabonsa a wurin, ya bi gaɓar Iskandariyya bayan isha. Sai wani sojan ruwa ya jero da shi, kakinsa na ɗiga alhali ba a yi ruwa ba.

"Yallaɓai, jawabinka ya yi daɗi," in ji shi, muryar kamar ta mai kurkurar baki. "Ka ce ya ceci mutum arba'in ranar da jirgi ya fashe."

"Haka ne."

"Mu arba'in da ɗaya ne. Shi Kwamandan da ya ce a rufe ƙofa ruwa ya cinye ni ya iso wurina jiya. Saura kai da ka murɗa ta ina roƙonka."

Midhat ya dubi hannun mutumin. Yatsu huɗun da ƙofar ta datse babu su.