Dutsen Kabejin Baba Anupras

Ranar da Vykintas ya fara ganin Rusne, tana zaune a gindin tudun tsohuwar ganuwa tana sayar da zuma. Shi kuwa ya sauko daga motar birnin Kaunas da farin takalmi, kamar mai zuwa neman aiki a banki. Ya sayi kwalba ɗaya, ya tafi, ya dawo ya ƙara wata. Da ya sake dawowa, sai ta ɗago ta dube shi.

"Bawan Allah, wanka za ka yi da ita ne?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Tambaya gare ni. Me ya sa kowa ke hawa da tsakuwa a hannu?"

"Kai dai ɗan birni ne. Dutse za ka ɗauka a bakin tabki, ka kai gindin bishiyar da ke sama, ka roƙi abin da ke ranka. Ba a faɗa wa kowa roƙon, ba a kuma sauko da dutsen. Ya sauko, roƙo ya ɓaci."

Vykintas ya yi tunani irin na masu aikin kwamfuta: babban roƙo sai babban dutse. A bakin ruwa ya ga wani mulmulalle, an wanke shi tas an ɗora kan benci, bai ko tsaya tambayar kansa wa ke yi wa dutse wanka ba. Ya rungume shi ya kama matakalar katako yana nishi, tsofaffi na wuce shi suna yi masa sannu. A sama ga tabkuna shimfiɗe ta ko'ina, amma shi jiri kawai yake gani. Ya dire dutsen, ya roƙi a ba shi mai zumar nan ya aura.

Tun daga nan Asabar ba ta wucewa bai zo wajenta ba. Tsakiyar mako kuwa sai saƙo.

"Ƙudan zumata, kwalbar nan ta ƙare."

"Ƙarya kake, zomona. Ka dai ce kana son ganina."

"Ina son ganinki. Kuma ta ƙare."

Da kaka ta shigo, Rusne ta kai shi gida ya gaida mahaifinta, Baba Anupras. Ana cikin cin dankali tsohon ya soma abin da ya saba, tsine wa ɓarawo.

"Dutsen danne kabeji fa! Marigayiya Onute ce ta zo da shi gidan nan ranar aurenmu. Na wanke shi a tabki na bar shi kan benci ya sha iska, wani marar tsoron Allah ya yi gaba da shi. Ga sanyi na tafe, ga gangar da nake tsima kabejin da gishiri a buɗe. Wane irin mutum ne ke satar dutse?"

Dankali ya tsaya wa Vykintas a wuya. Da ya samu ya haɗiye, ya faɗi gaskiya.

"To, madalla," in ji tsohon, yana huci. "Je ka sauko min da abina."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba? To ni ma ba ni da 'yar da zan ba ka. Ga ƙofa."

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Deividas, maƙwabcinsu mai tarakta, wanda ya daɗe yana zagaya Rusne. Washegari ya juye musu tirela guda ta duwatsu a ƙofar gida. Baba ya gwada su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya yi nauyi, wancan warin taki yake. Duk da haka ya riƙa cewa Deividas akwai hankali, yana faɗa da ƙarfi don Rusne ta ji.

Ita kuwa ranta ya ɓaci sosai. Ta rubuta wa Vykintas:

"Me ka roƙa da ya fi ni? Mota ce ko ƙarin girma?"

"Ba a faɗa, ƙudan zumata."

"To ka auri dutsen."

Ta daina amsa kiransa. Vykintas ya rasa inda zai sa kansa: ya sauko da dutse roƙo ya ɓaci, ya bar shi ya rasa wadda ya roƙa. Har ramewa ya yi, shi da dama ba auki ba.

Wata safiya ƙauyen ya tashi da ihun Baba Anupras.

"Yau kuma gangar aka sace!"

Ganyen kabeji ne ya nuna musu hanya, a warwatse kan matakalar tudu. Uba da 'ya suka bi har sama. Can suka tarar da Vykintas a gindin bishiya, jiƙe da gumi, farin takalmi ya koma ruwan ƙasa. Ya hau da gangar, ya hau da buhunan kabeji, ya yanka, ya sa gishiri, ya ɗora dutsen a kan murfi.

"Baba, ga kabejinka a ƙarƙashin dutsenka. Dutse bai sauko ba."

Rusne ta riƙe ƙugu. "Duk wahalar nan saboda mota?"

"Ba a faɗa," ya ce a hankali, idonsa a kanta bai ɗauke ba.

Sai a lokacin ta gane. Ta rufe fuska da tafin hannu, dariya da kuka suka haɗe mata.

Baba ya daɗe yana shafa dutsen. Rabonsa da hawa tudun nan tun rasuwar matarsa. Ya ɗaga murfin ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi kaɗan. Matsa, surukin banza, in nuna maka."

Da ƙanƙara ta narke aka ɗaura aure a ƙaramin cocin ƙauyen, jama'a suka ɗunguma zuwa saman tudu. Har Deividas ya zo, shi ya fi kowa cin kabejin. Baba Anupras ya haɗa hannuwan ango da amarya.

"Ita kaɗai ta rage min, ɗana. Ka riƙe ta da hannu biyu, ko ta yi maka nauyi kada ka sauke. Allah Ya yi muku albarka."

Jama'a suka amsa da amin. Tsohon ya juya baya yana share ido, wai tsamin kabeji ne ya shigar masa hanci.