Kantu Guda a Cikin Kwami

"Kai ka zuba shi."

"Ban ce ba ni ba ne."

"Ba ka kuma ce kai ne ba," in ji Zulaihatu. "Kana tsaye Baba ya ci mutuncin Hamadi, kana kallon takalminka."

Suna bakin kwamin siminti ne a garkar mahaifinta, Alkassoum, a bayan garin Arlit. A kwamin ake kiwon sifirulin, wata irin gansakuka da ake shanyawa a daka, a zuba wa yara masu tamowa a kunu. Shekaranjiya ruwan kore ne shar. Yau ya koɗe ya yi fatsi-fatsi.

A nan Ɗalhatu ya fara ganinta, wata bakwai da suka wuce. Ya kawo gishiri daga shagon babansa, ya tarar tana motsa ruwan da tsintsiya.

"Ɗan Katsina, matsa, ka tare wa sifirulin rana," ta ce. Tun ranar bai daina zuwa ba.

Alkassoum bai so ba. Yaro ya faɗi jarabawa sau biyu, ba aiki. Ga Hamadi kuwa, direban tanka a wani kamfanin haƙar ma'adinai wajen Imouraren, yana kawo musu ruwa, yana kuma neman yarinyar. Sai Ɗalhatu ya so a ga amfaninsa shi ma. Ya ga da kofin shayi take auna gishiri, ya ɗauka rashi ne ya sa. Da azahar, ba kowa, ya farfasa kantu guda na gishirin Bilma, irin wanda raƙuma ke lasa, ya juye a kwamin. Da ruwan ya sake launi, tsohon ya ce daga wajen ma'adinai Hamadi ya ɗebo musu guba. Ya kore shi a gaban mutane.

"A zubar a sake sabo mana," Ɗalhatu ya ce a hankali.

"Da wane iri? Daga Agadez ake samo shi, hanyar kuwa sai da rakiyar soja, ga nakiya. Malamar da ta koya mana ta tafi tun da aka fara tawaye." Ta durƙusa ta ɗebi ruwan a tafinta. "Ta ce kowace ƙwaya, duk ƙanƙantarta, da umarni rubuce a cikinta kamar littafi. In gishiri ya yi yawa, ruwan jikinta yake zuƙewa. Sai ta rufe wasu shafuka ta buɗe wasu. Ta bar girma, ta shiga fitar da gishiri, ta haɗa wani sukari da zai riƙe mata ruwa. Amma sai an bi ta sannu. Kai lokaci guda ka yi mata."

Suka yi wa kwamin rumfa da tabarmi. Kullum da safe sai Ɗalhatu ya ja ruwan rijiya, bokiti biyu, ya tsiyaya kaɗan-kaɗan. Ba ta yi masa dariya, ba ta kuma kore shi ba. Magana kuwa sai a waya.

"Zulaina, kin huce?"

"Ka gaya wa Baba?"

"Gobe, hasken idona."

"Jiya ma gobe ka ce. Bar zancen ido, gyara bakinka."

Ranar tara wani siririn kore ya fito a gefen siminti. Ranar sha huɗu ya rufe kwamin. Alkassoum ya dafa kafaɗarsa a gaban masu garka. "Yaron nan ɗan kirki ne. Ashe ban san shi ba."

Wannan maganar ce ta fi yi wa Ɗalhatu ciwo. Ya bi tsohon har gindin bishiyar da yake dafa shayi, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Baba, ni na zuba gishirin. Ba ruwan Hamadi ba ne."

Tsohon ya ɗaga buta sama, ya zuba a kofi, ya mayar, har sau uku. "Ka sa na zagi wanda bai yi mini komai ba. Tashi. Tare za mu je."

Suka sami Hamadi a tasha yana ɗaure taya. Ya saurare su har ƙarshe, ya goge hannu.

"Baba, ba komai. Na ga ɓawon kantun a gindin kwami tun ranar. Na kuma ga wanda Zulaihatu take kallo, shi ya sa na yi shiru." Ya dubi Ɗalhatu. "Kai dai in an ba ka ita, kada a bar ka kusa da tukunyar miya."

A hanyar dawowa Alkassoum ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ƴan uwan Katsina ba su samu hanya ba, sai a waya suka shafa fatiha. Tsohon ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, kowa ya ce amin, har da Hamadi a sahun baya.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, ta kawo masa kunu ta zauna kusa da shi, lallenta bai ko fara fita ba.

"Ɗan Katsina."

"Na'am, amarya."

Ta daɗe tana juya ludayi.

"Da sifirulin ɗin ya mutu fa, da ka je ka gaya wa Baba?"